Tudun da ke gaban York

Da abokina Abioseh ya yi ritaya ya dawo daga Ingila, ko hutawa bai yi ba ya zo gidana a Goderich da sabon keke. Lokacin da muke samari mukan yi tseren keke duk Lahadi a hanyar bakin teku daga nan har ƙauyen Kent, duwatsu a hagu, ruwa a dama.

"Sorie, fito da tsohon ƙarfen nan naka," in ji shi. "Ko ka sayar wa 'yan gwangwan?"

Muka kama hanya. Yanzu an zuba kwalta, babu jar ƙasar da ke rina mana riguna. Abioseh yana ta nuna gidaje, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa.

A tudun da ke gaban ƙauyen York, inda a da yake barina a baya yana waƙa, sai na ji numfashinsa ya sauya. Ya sauka.

"Sarƙar ce ke ƙara," ya ce.

"Tawa ma, mutumina," na ce, na sauka.

Muka tura kekunan har sama, ba mai kallon wani. Muka zauna, wata mai talla ta fasa mana kwakwa, muna kallon kwale-kwalen masunta suna shigowa.

"A can kullum ina mafarkin hanyar nan," ya ce. "Amma a mafarkin tudun bai kai haka ba."

Ranar ba mu kai Kent ba. Da rana ta yi sanyi muka juyo gida a hankali.