Ƙashin Gidan Smaranda

Tun da ma'aikatan kula da yara suka ɗauke jikanta Tudor, Smaranda ba ta ƙara taka coci ba. Jinjiri ne, an kai shi asibiti yana ta tsala kuka, hoto ya nuna haƙarƙarinsa a karye. Kotu ta ce uwarsa Ilinca, 'yar Smaranda, ita ce ta matse shi. Aka damƙa yaro ga baƙi a birni, Ilinca kuwa ko tuwon masara ta daina haɗiya.

Smaranda ta zagi alƙali, ta zagi likita, har direban bas bai tsira ba. A ƙarshe ta samo wata lauya siririya mai suna Otilia, wadda ta sa aka sake gwada jinin yaron. Gwaji ya nuna ƙashinsa ba shi da ƙwari, kuma gado ne.

"Inna, alƙali ba ya son buɗe shari'ar da ya rufe," in ji Otilia. "Akwai mai irin wannan a danginku?"

"Mu? Je ki duba dangin uban, masu ƙafa kamar ta zalɓe!"

Ido kawai lauyar ta zuba wa karkataccen hannun tsohuwar.

A ƙauyensu ba a faɗin ciwon gado. Gidan da aka sani da shi, 'ya'yansa mata a ɗaki suke tsufa. Tun tana ƙarama uwarta ta koya mata ta riƙa cewa daga bishiyar tuffa ta faɗo ta karye. Bayan aure ta bar mutane suna raɗa cewa mijinta Gligor ne ke karya ta. Da wannan baƙin suna aka binne shi, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa.

Ranar zaman kotu, Floarea, kakar yaron ta wajen uba, ta kame a benci na gaba. Smaranda ta naɗe hannun riga.

"Ranka ya daɗe, babu wata bishiya. Ina ɗaukar bokiti hannun nan ya karye. Uwata ma haka take. Gligor bai taɓa ɗaga mini hannu ba."

"Ashe ruɓaɓɓen iri kuka ɗora mana!" Floarea ta faɗa da ƙarfi.

"Rufe mini baki, Floarea, jikanki nake ƙwato miki!"

Alƙali ya sa aka ɗauki hoton ƙasusuwanta. Da likita ya gama ƙirga tsofaffin karaya, aka soke hukuncin farko, aka ce Tudor ya koma gida.

A bakin matakalar kotu Ilinca ta tsaya. "Mama, tun ranar farko kin yi zargin gado ne?"

Smaranda ta ce, "Ki tambayar mini likitan yadda ake ɗaukar Tudor kada ya karye. Ni ba zan iya haɗa ido da likitan da na zaga ba."