Kabarin Gwaggo Hajjo

Saje Atiku ya ajiye kaki bayan dawowarsa daga Laberiya, ya koma Dalijan da ƙarfinsa cikakke, amma bai san inda zai kai shi ba. Gona tana hannun ƙannensa. Mahaifinsa kuwa ya rasu yana bakin daga, wasu suka binne shi. Idan ya zauna a majalisa sai hira ta mutu, domin mutane suna shakkar hannun da ya riƙe bindiga.

Ranar da Allah ya karɓi ran Gwaggo Hajjo, wadda ta goye shi, ya ɗauki diga da shebur ya riga kowa zuwa maƙabarta. Ya ƙudura cewa wannan karon ba wanda zai haƙa wa nasa makwanci sai shi. Ƙasar rani ce mai tauri, amma kafin mutane su iso ya gama, bango a miƙe kamar an ja zare.

Taubashinsa Lawali ya leƙa ramin, ya riƙe baki. "Saje, wanga rami na wa ne? Gwaggo za ta kwanta, ko tsaron hanyar Kalgo za ta yi?"

Sai a lokacin Atiku ya duba. Hannunsa ya bi abin da ya saba: ya fuskantar da ramin ga hanya, inda maƙiyi kan ɓullo, ya kuma zurfafa shi har ƙirji, babu ƙaramin kabari a ciki. Ga shi an aiko cewa an gama wanka, ana suturta ta.

Liman Ɗahiru, tsohon da ya koya masa Fatiha, ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, aikinka ya yi kyau, alƙibla kawai ya rasa. Can ka koyi haƙa ramin da mutum zai ɓuya wa mutuwa. Wanda ta riga ta ɗauka ba ya ɓuya, gabas yake fuskanta."

"Allah gafarta malam, a nuna mini."

Liman ya ja layin sabon rami a gefe da sandarsa, daga kudu zuwa arewa. Matasa suka miƙa hannu su karɓi diga, Atiku ya ce su dai kwashe ƙasa. Ya yi bisimilla ya sara, yana tambayar faɗi da zurfi, Liman yana auna masa da kamu. Makara ta iso yana share ƙaramin kabarin da tafinsa. Shi ya sauka ya karɓi Gwaggo, ya kwantar da ita a kan damanta, fuska gabas.

Bayan an watse ya tsaya ya cike ramin farko. Lawali ya ce, "Ka bar shi mana, wani zai buƙata."

"Ba mai buƙatar irinsa a garin nan," in ji Atiku.

Tun daga ranar, idan aka yi rasuwa daga Dalijan har Masama, ƙofarsa ake fara bugawa. Diga da shebur suna jingine a zaurensa, kusa da buzun salla.