Abin Da Ya Biyo Bayan ZG999

Zahida ba ta gama sallamar mai zemijan, ɗan acaɓan da ya kawo ta, ba Rahinatou ta fito ta ja hannunta zuwa ciki. Rahinatou ce nas mai karɓar marasa lafiya a wannan ƙaramin asibiti na unguwar Djidjolé, kuma tun asuba take kiran Zahida a waya. Ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

A kan allon akwai bayanan majinyaci mai lamba ZG1000. Namiji ne, yana da hawan jini, yana ɗauke da juna biyu, kuma an rubuta masa maganin tsutsar ciki na yara.

Zahida ta zauna a hankali. Ita ta rubuta wannan manhaja shekarun baya, lokacin da ta fito daga makaranta tana karɓar duk aikin da ya zo. Yanzu tana da wurin aiki a Cacavéli da yaro mai fitar da haƙori wanda ba ya barin kowa ya runtsa. Ta buɗe rumbun bayanan, idanunta na yaji, ba a jima ba ta ga ɓarnar. Ta ajiye lambobin ne a matsayin rubutu, haruffa da alƙaluma a haɗe. Kwamfuta kuwa tana jera rubutu ne harafi bayan harafi, don haka a wurinta ZG999 ya fi ZG1000 girma, tunda tara ta fi ɗaya. Duk wanda ya zo, sai manhajar ta nemi lamba mafi girma, ta sami ZG999, ta ƙara ɗaya. Tun farkon mako kowane sabon majinyaci ZG1000 yake zama, bayanansa su hau kan na wanda ya riga shi.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ta raba haruffan gefe guda, alƙaluman gefe guda, ta sa a riƙa ƙara ɗaya a kan alƙaluman kaɗai, sannan ta hana rumbun karɓar lamba ɗaya sau biyu. Rarrabe mutanen ne ya cinye yinin. Ita da Rahinatou suka bi lokacin da aka shigar da kowane bayani, nas ɗin tana tuno fuskoki: mai cikin nan 'yar ƙabilar Mina ce, mai hawan jinin direban tirela ne. Wuta ta ɗauke, ta dawo. Zahida ta yi azahar a lungun ɗakin magani, ta ci koliko, soyayyar doya, a tsaye.

Bayan la'asar Dokta Tawfiq, mai asibitin, ya kira ta ofishinsa. Bai yi faɗa ba, shi ma gajiyar ta bayyana a fuskarsa. Ya ce mutum uku aka ɗauki majinarsu a makon don gwajin tarin fuka, kuma lamba kaɗai ake liƙawa a kwalba. Sakamako ya dawo, ɗaya yana da cutar, amma dukan kwalaben ZG1000 ne. Ya tambaya ko kwamfuta za ta iya faɗin na wane ne.

"Ba za ta iya ba, Dokta," in ji Zahida. "Abin da ba a faɗa mata ba, ba ta san shi ba."

Ya ce to dole a sake gwada su duka. An sami biyu a waya, masunci daga Baguida da wani ɗan makaranta. Ta ukun lambar wayarta ta shafe a cikin haɗuwar bayanan, Rahinatou dai ta tuna tsohuwa ce daga Zongo, Kulsum mai sayar da atamfa.

Zahida ta san ta. Ƙawar mahaifiyarta ce, ita ta yi mata wankan jego. Zahida ta ce za ta je da kanta. Likitan ya gargaɗe ta kada ta ambaci sunan cutar, tunda ba a tabbatar ba, ta ce kawai ana son ta dawo gobe da safe.

Hanyar Zongo a cushe take da manyan motoci. Tana bayan babur tana juya maganar da za ta faɗa, da Hausa, da Faransanci, babu wadda ta zauna mata daidai.

Ta tarar da Inna Kulsum a tsakar gida kan tabarma, ta rame fiye da yadda ta san ta, jaririn 'yarta yana kwance a ƙirjinta. Tsohuwar ta yi murna, ta yi mata ƙorafin rashin zumunci, ta tambayi maigidan da yaro. Tana cikin magana tari ya sarƙe ta. Ta kare bakinta da gefen mayafi, ta kuma goge wa jaririn fuska da wannan gefen.

"Wannan tari ya ƙi ni, 'yata," ta ce tana dariya. "Na je asibiti, sun ce za su kira, shiru kake ji."

Zahida ta ajiye jakar kwamfutarta, ta durƙusa kusa da ita.

"Ai saƙonsu na kawo, Inna. Gobe da safe ni zan raka ki." Ta miƙa hannu biyu wajen jaririn. "Kawo shi nan in riƙe miki, ki huta."