Sallah a Kan Kujera

Halliru bai zo gida Babbar Sallah ba. Ya bugo wa Umma waya ya ce atisaye ya riƙe shi, ya aiko mata da agogo a cikin kwali mai ruwan toka. Umma ta buɗe kwalin, ta rufe, ta ɗora shi a saman firij. Bayan kwana biyu ta cika roba da soyayyen naman layya ta miƙo mini.

"Tunda ke ba aikin da kike yi, je ki Manchester ki dubo mini ƙaninki."

Ba baƙar magana ta yi mini ba, gaskiya ta faɗa. Shekara guda ke nan da na gama jami'a a Perry Barr, nan Birmingham, kuma ɗan laburaren da nake taimakawa a Small Heath, council, hukumar gari, ta rufe shi saboda tsuke bakin aljihu. Kullum ina ɗaki ina cike takardun neman aiki.

Halliru ne ke bi na, shekararsa sha tara. A filin unguwarmu ya koyi kurket, cikin yaran 'yan Pakistan, lokacin Abba yana cewa wasan marasa abin yi ne. Shi mai jifa ne. Zai rugo da gudu daga nesa, ya daka tsalle, ya gantsare, ya sako ƙwallon da ƙarfin jikinsa duka. Yana sha shida wani kulob a Manchester ya ɗauke shi. A bazarar da ta wuce aka nuna shi a talabijin ya fitar da mutum biyar a wasa ɗaya, kafin wata ya zagayo ya yi eja mai nemo masa kwangila, ya yi mota, hotonsa ya hau jikin bas. Sai kuma wata gasa ta ƙasar waje, irin mai sati shida da ake zuba mata kuɗi, ta saye shi. Farkon Disamba zai tafi. A masallacinmu, dattawan da ba su taɓa riƙe sandar kurket ba suna tare Abba suna cewa, "Likita, mun ga yaronmu."

Da can a Gorton Halliru yake zaune, gidan Anti Clara, wata nas 'yar Jos, wadda ke dafa masa gwate tana yi masa faɗan takalmi a bakin ƙofa. Yanzu ya koma hawa na sha huɗu a wani dogon bene a tsakiyar gari. Can na ƙwanƙwasa, ya buɗe mini ƙofa.

"Yaya Batulu! Ko text babu?"

"Umma ce ta aiko ni."

"Leƙen asiri ke nan."

"'Yar aike dai. Karɓi namanka."

Ya yi dariya, amma bai sunkuya ya ɗauki jakata ba. Da ƙafa ya tura ta ciki. Na gani, na ɗauka girman kai ne ya fara shigarsa.

Flat ɗin fari fat, ba ko labule. A kusurwa kwalayen takalma ne da kamfani ya aiko, rabinsu ba a buɗe ba. A firij ruwa ne da ƙwai. Wayarsa ba ta hutawa, amma kwana uku da na yi, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar sai mai kawo abinci.

Ran na ukun, da la'asar, na zo wucewa ta ƙofar ɗakinsa, ba a rufe take sosai ba. Yana zaune a kan kujera, ya fuskanci alƙibla, hannuwansa a ƙirji. Ya ɗan rusunar da kai, ya ɗago. Ya ƙara rusunarwa ƙasa kaɗan. A gidanmu Kaka kaɗai na taɓa gani tana sallah haka, ita ma sai da ta haura tamanin.

Na jira ya sallame.

"Tun yaushe?"

Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kamar wanda aka ɗaure wa katako. "Tun yaushe me?"

"Halliru."

Ya kai hannu bayansa. "Agusta. Nan ne, ƙasan baya, ta hagu. It's nothing, Yaya, duk mai jifa yana ji."

"Physio ɗinku, mai duba lafiyar 'yan wasa, ta sani?"

"In ta sani scan za su yi, su ɗau hoton bayan. In suka ga wani abu, contract ɗin ya tafi. Kin san yara nawa ke bayana suna jiran wurin nan? Sati shida ne kawai. In na dawo zan faɗa."

"Kuma ba wanda ya lura?"

"Ina shan magani kafin in fita. Su gudun ƙwallo suke dubawa, ba su san yadda nake sallah ba."

"Shi ya sa ka ƙi zuwa idi."

"Sahu ɗaya da Abba? A raka'ar farko zai gane." Ya kama hannuna. "Ki rantse ba za ki faɗa ba."

"Ba na rantsuwa."

"To alkawari."

Na yi masa alkawari.

Abin da na sani shi na yi. Na tafasa ruwa, na tsoma tawul, na matse, na gasa masa bayan kamar yadda Umma ke mana in mun faɗi, na bi da man zafi. Safe da yamma, kwana tara. Yana kwance rub da ciki, fuskarsa a matashi, a nan ne yake magana. Ya ce manyan 'yan wasan kulob ɗin sun daina kiransa da sunansa, da sunan motarsa suke kiransa. In an tashi wasa su wuce mashaya, shi ya dawo nan ya kunna talabijin. Abokansa na Small Heath kuwa, saƙonsu ba ya wuce neman tikiti. Ya ce akwai ranar da ya tuƙa har ƙofar Anti Clara, ya zauna a mota, ya rasa abin da zai ce ya kawo shi, ya juya.

"Ke fa?" ya tambaye ni. "Har yanzu ba wanda ya kira ki interview?"

"Mutum ɗaya. Sun ce na cika shiru."

"Ba su yi ƙarya ba."

Na ɗora masa tawul ɗin da zafinsa, ya yi ihu yana dariya.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kwanakin nan. Shekara guda ba wanda ya buƙace ni a kan komai, yanzu ga wanda ke jiran in tafasa ruwa. Na san gashi ba ya gyara ƙashi. 'Yar likita ce ni. Amma duk safiya sai in ce wa kaina ai ya fi jiya sakewa.

Ranar Alhamis na bi shi wurin atisaye, wani babban zaure mai raga-raga. Na zauna a sama ni kaɗai. Ya rugo, ya yi tsalle, ya sako. Kocin ya dubi na'urar da ke hannunsa ya tafa. Haka sau talatin ko fiye. Duk lokacin da kocin ya juya baya, sai Halliru ya dafa ƙarfen ragar da hannu ɗaya, ya rufe ido, sannan ya saki.

A wurin ajiye motoci ya shiga ya zauna, bai tayar ba.

"Mu ɗan jira," ya ce.

"Mene ne?"

"Ƙafar hagun ce. Kamar ba tawa ba. Yanzu za ta dawo."

Muka zauna. 'Yan wasan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna buga masa gilashi, yana ɗaga musu babban yatsa yana murmushi. Sai da wurin ya zama ba kowa ƙafar ta saki.

Washegari da safe, yana wanka, na fita matattakalar bene na kira Abba. Na faɗa masa komai.

Ranar Asabar ya iso. Bai yi faɗa ba, bai ma cire kwat ɗinsa ba.

"Tashi. Tsaya da ƙafar hagu kaɗai. Yawwa. To gantsare baya, a hankali."

Halliru ya fara, sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya kai hannu bango.

"Kai za ka kira kulob ɗin," in ji Abba, "ko ni?"

Halliru bai dubi Abba ba. Ni ya duba.

Hoto ya nuna ƙashin bayan ya tsage. Likitan kulob ya ce wata shida ba jifa, amma zai warke, tunda an tare shi da wuri. Da ya je ya buga sati shidan nan, da sai an yi masa aiki, kuma ba lallai ya sake jifa ba. Cikin kwana biyu masu gasar suka sa wani yaro a gurbinsa. Ejan ya kira sau ɗaya, ya ce a huta lafiya. Daga nan wayar ta yi tsit a kan tebur.

Abba ya ce ya haɗa kaya su koma Birmingham.

"In je masallaci in ce musu me?" in ji Halliru.

Abba ya tafi shi kaɗai, ni na zauna. Na dafa, na share, na kai shi asibiti a tasi. Bai zage ni ba. Ya daina kirana Yaya ne kawai, ya kuma daina yi mini Hausa. In na ajiye masa abinci ya ce, "Thank you," kamar yadda yake ce wa mai kawo saƙo.

Ran na biyar da tafiyar Abba ya fito da jakar ninkaya, an rubuta masa tafiya cikin ruwa sau uku a sati. Ya tsaya a ƙofa, bayansa gare ni.

"I'll manage. Leave the key on the table."

Na ajiye. A tashar mota na rubuta masa doguwar magana, na goge, na tura, "Allah ya ƙara sauƙi." Nan take alamar ta nuna ya karanta. Motar ta fita daga gari cikin yayyafi, kujerar da ke gefena ba kowa. Har muka wuce Stoke ina riƙe da wayar, sannan na sa ta a jaka.