Jan Ɗigo a Taswira

Tun da ta shiga kwalejin fasaha mutanen layinsu suka daina kiranta da sunanta, sai Injiniya. Babanta ne ya fara. In rediyonsa ta shaƙe sai ya ce, "A kira mana Injiniya, mu ga ko karatun na gaske ne." Shekararsa goma sha shida yana aiki a masana'antar narka tsofaffin batura da ke ƙarshen layin, kullum ya dawo da toka har cikin gira.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane rukunin ɗalibai ya yi aikin da zai amfani jama'a. Ita da abokan karatunta biyu suka haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. A tsoma bakinta a ruwa, ta aika wa waya yawan dalmar da ke ciki, wayar kuma ta ɗiga alama a taswira: kore lafiya, ja guba. Masu hali famfo gare su, don haka suka nufi inda ake shan rijiya. Dogo, wanda ya rubuta manhajar, ya ce a fara da gidan su Injiniya, ko ba komai ba za a kore su ba.

Mamanta ta jawo musu guga tana dariya. Autarsu na zaune a bakin ƙofa riƙe da ciki kamar kullum. Shekararta biyar, amma har yanzu ba ta haɗa kalma uku, ana ta cewa nauyin baki ne.

Wayar ta nuna ja.

"Ƙila na'urar ce ta rikice," in ji Dogo. Ya gwada ruwan gorar da ya zo da shi, kore. Suka koma gugan har sau uku. Dariyar Mama ta ɗauke.

Cikin wata ɗaya suka auna rijiya sittin da uku. Arba'in da ɗaya ja, duk sun yi wa masana'antar zobe. Ɗakin gwaji na kwaleji ya tabbatar. Aka auna jinin Auta, likita ya ce za a rage gubar, amma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

Da la'asar Injiniya ta sami Baba yana wanke ƙafa, ta miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.

"In kin fitar da wannan rufe wurin za su yi. Mu saba'in ne, kowa da bakunan da yake ciyarwa."

"Na sani, Baba. To yaran fa?"

"Da hannuna na haƙa rijiyar nan," ya ce, ba ita yake kallo ba. Can ya miƙo mata wayar. "Ki yi abin da aka koya miki."

Taswirar ta zaga wayoyi kamar wutar daji. Jami'an lafiya suka zo suka garƙame masana'antar, aka rufe rijiyoyin da siminti. Motar ruwa ta yi mako uku tana zuwa, daga nan ko ƙurarta ba a sake gani ba. Mata suka koma tafiyar awa guda da jarka a ka, wasu kuma suka fasa simintin. Kwaleji ta ba su lambar yabo. A layi kuwa in ta yi gaisuwa sai a amsa da ƙyar. Matar maƙwabcinsu ta ce mata, "Sannu Injiniya, kin gyara mu tsaf."

Wata huɗu Baba yana fita neman aiki yana dawowa hannu rabbana. Wata safiya ta tarar yana ninke tsofaffin kayan aikinsa cikin jaka. Mai masana'antar ya kwashe injinansa ya kafa a wani gari, ya aiko wa tsofaffin ma'aikata.

"Baba, can ma rijiya suke sha?"

"Rijiya."

"Akwai yara?"

Ya ja zif ɗin jakar a hankali. "Ina ne babu yara?" Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa. "Ban hana ki ba, uwata. Amma ki bar ni in yi ko wata shida kafin ki zo da na'urarki."

Ya saɓa jakar, ya shafa kan Auta, ya fita.