Giɓi a Sahun Gaba

Shekara tara tsohon masallacin yana kulle, tun da yaƙi ya tsaga masa bangon gabas. Ranar da hukuma ta yarda a buɗe shi a yi salla guda kafin magina su duba tsagar, wani tela ɗan unguwar ya rufe shagonsa tun da hantsi ya nufi can.

Ba don bango ya je ba. Ƙanensa ya fita sayo zare a makon farko na yaƙin, har yau shiru, kuma tela ya hana kowa yi masa ta'aziyya. Shekara talatin suka yi suna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahun gaba, dama da ginshiƙi na uku.

'Yan unguwa na asali su bakwai kacal suka zo, sauran sun watse ko suna ƙarƙashin ƙasa. Da aka tayar da iƙama, ƙafa ta kai kowa inda ta saba: mahauci nan, mai gyaran agogo can, tsakaninsu filin mutum huɗu. Sahu ya zama kamar bakin tsohuwa. Baƙin da suka cika unguwar bayan yaƙi kuwa sun yi sahu biyu cif a baya, sun ƙi matsowa, don sun lura wuraren da masu su.

Liman ya waiwayo ya ce a daidaita sahu, a cike giɓi. Ba wanda ya motsa. Mahauci, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a maƙabarta, ya ce irin wannan giɓi ai Shaiɗan har tabarma zai shimfiɗa. Aka ɗan murmusa, amma kowa ya kafe a wurinsa.

Sai wani birkila cikin baƙin ya matso bayan tela, da siminti a ƙafar wandonsa, ya nuna filin da ke damansa.

"Baba, da mai wurin?"

Tsoro ya kama tela. Amsar nan ce matar ƙanensa ta yi shekara tara tana jira daga bakinsa, yana kauce mata. Ga liman a tsaye, ga jama'a sun zuba masa ido.

"Shigo, ɗana," ya ce. "Babu."

Birkila ya shiga, kafaɗarsa ta taɓa ta tela, sauran baƙin suka biyo suka cike ko'ina. Liman ya yi kabbara.

Azahar ce, ba a karatu a bayyane, shi ya sa duk masallacin ya ji kukan tela har aka sallame.