Itacen da Trofim Ya Jera

Tun shekarar da muka binne mijina Anisim, 'yata Taisiya ta kafa mini sharaɗi. Ta ce, "Mama, zauna a dajinki, ban hana ba. Amma ranar da na zo na tarar faskare ya gagare ki, sai birni." Na ce na ji. A raina kuwa cewa na yi ki daɗe kina jira. Ni da aka haifa a bakin wannan kogi, a kai ni saman bene a ajiye kamar kaza a akurki? Gara a binne ni kusa da Anisim.

To, ana gab da zuwanta da kayan abincin sanyi, na sauka kogi ɗiban ruwa. Na fasa ƙanƙarar da ta rufe ramin, na cika bokiti, ina juyowa santsi ya kwashe ni. A kan hannun dama na faɗi. Kafin in kai gida wuyan hannun ya kumbura suntum, ko cokali ba ya riƙuwa balle gatari. Gumaguman da aka yanka tun bazara ga su nan tsibi, amma wa zai fasa? Na yi ta lallaɓa ɗan faskararren da ke gefen murhu har ya ƙare. Wata safiya gari ya waye murhu a mace, na ƙudundune cikin rigar fatar Anisim, kare na kwance a kan ƙafafuna.

A tsallaken kogi akwai Trofim, tsohon maharbi, shi ma shi kaɗai. Ba ma ga maciji da shi tun rigimar da muka yi kan wurin kafa komar kamun kifi. Sai dai a nan, ko gaba kake da mutum, idan ka tashi sai ka duba hayaƙin gidansa.

Ban daɗe ba na ji Trofim yana karkaɗe takalmi a bakin ƙofa.

"Fekla, kin mutu ne in tafi da karen?"

"Kai za ka riga ni, tsohon banza. Rufe ƙofa, kana shigo mini da sanyi."

Ya dubi murhu, ya dubi hannun. Ya fita ya faso itace ya hura wuta, ya ɗora shayi, ya ɗaure mini hannun tsakanin katako biyu. Da ɗumi ya ratsa ni sai bakina ya buɗe, na gaya masa sharaɗin Taisiya, na roƙe shi kada ta ji.

Ya ce, "Ina ruwana? Ki tafi ma, kifin ya zama nawa."

Haka ya faɗa, amma ranar wuni ya yi yana sara, har ya cika mini bango guda da faskare. Washegari ya dawo ya ɗebo ruwa.

Taisiya ta iso a babur ɗin ƙanƙara, tana jan amalanke cike da buhuna. Na sa safar hannu ta fata na ɓoye ɗaurin, na fito ina fara'a. Ba ta ko kashe injin ba ta tsaya tana kallon bango.

"Mama, wa ya jera wannan?"

"Wa kike gani a gidan?"

"Ɓawon yana kallon ƙasa."

Sai a lokacin na lura. A gidanmu ɓawo sama ake sa shi don dusar ƙanƙara ta zame, Taisiya ta sha duka a hannu kan haka tana ƙarama. Su Trofim, mutanen saman kogi, ƙasa suke kifa shi, wai ya fi bushewa. Sakaran ya yi mini aikin alheri, ya kuma tona mini asiri.

Ta zare safar, ta daɗe tana kallon katakon.

"Kawu Trofim ne?"

Na gyaɗa kai. Ta juya babur ta nufi tsallake.

Na koma ciki na zauna. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na dubi murhun da Anisim ya gina, na dubi tagar da nake hango kogi, ina tunanin abin da zai shiga jaka da abin da za a bar wa ɓeraye. Na yi kuka sosai.

Da ta dawo, Trofim na zaune a bayanta yana riƙe da hula. Ta hau kwance igiyar amalanke. Fulawa, sukari, gishiri, kananzir, duk suka shigo da su ɗaki.

Ta ce, "Ba faskaren ne ya dame ni ba, Mama. Tsorona ki faɗi ki yi ta kwana ba wanda ya sani. Na tambaye shi yaushe ya tsallako. Ya ce yana ganin babu hayaƙi, ko shayinsa bai tsaya ya sha ba."

Ta kwana biyu, ta koma ita kaɗai. Na tsaya a bakin kogi har ƙarar babur ta ɓace, ina gode wa Allah da ya bar ni a gidana. Trofim na gefe yana cusa taba a lofe.

Na ce, "Trofim, na gode."

"Me kika ce? Kunnen nan ya tsufa."

Ƙarya yake yi, ya ji sarai. Amma na sake faɗa masa da ƙarfi, har kare ya ɗago kai.